Neman Dattijo a Santambul

Kwanana tara a Alƙahira kafin in samu fita ni kaɗai. Aikin girki ne ya kawo ni gidan Madam Rifkatu a Zamalek, wadda aka turo mijinta aiki ofishin jakadancinmu. Mun san juna tun a Zariya, lokacin ina tuyar waina a bakin asibitin da take aiki. Da ta ce tana neman wadda za ta tafi da ita, ban yi shawara da kowa ba. Ɗana na fari yana karatu a nan Alƙahira, kuma wata huɗu ke nan ban ji muryarsa ba. Dattijo muke ce masa, saboda sunan kakansa ya ci. Wayarsa a kashe take, saƙo ba ya shiga. Mahaifinsa ya rasu, babu mai bin sawunsa sai ni.

Na nufi unguwar Darrasa, inda yake zaune, da takardar adireshi a ƙulle a bakin mayafi. Lunguna ne matsattsu, littattafai jibge har kan hanya, ɗalibai baƙaƙe da farare suna ta wucewa. Duk dogon saurayin da na hango daga baya sai gabana ya faɗi, har sai ya juyo. Wasu ɗalibai da suka ji ina tambaya da Hausa suka raka ni wani bene, hawa huɗu. Abokin zamansa ne ya buɗe ƙofa, Lawali, mutumin Maraɗi.

"Inna, sannu da hanya. Ki zauna in ɗora shayi."

"Ɗana, ba shayi ya kawo ni ba. Ina abokinka?"

Na bi idonsa zuwa ɗaya gadon. An naɗe katifa, an ɗaure littattafai da igiya.

"Ya tafi Istanbul, Inna. Ya ce zai taɓa aikin ɗinki na wata biyu ya dawo kafin jarrabawa."

"Ina ne nan kuma?"

"Turkiyya. Shi ne tsofaffinmu ke ce wa Santambul."

Wannan sunan na san shi. In yaro ya cika izza a gidanmu, kakata kan ce, "To, Sarkin Santambul, a kawo maka ruwa?" Na ɗauka garin tatsuniya ne. Ban taɓa zaton gari ne da ɗan mutum zai shiga ya yi shiru ba.

Wata mai aiki 'yar'uwata ce ta yi mini kwatancen Alhaji Tanko a unguwar Ainu Shams. Ta ce babu ƙasar da ba shi da mutum a cikinta. Na hau jirgin ƙasa na metro a taragon mata, ina ƙirga tashoshi da yatsu don kada in wuce. Na same shi a ɗaki mai sanyi, wayoyi uku a gabansa, carbi a hannu. Ya karɓi hoton Dattijo da hannu biyu, ya ce in ba shi mako ɗaya.

Da na koma ya ce, "Hajiya, yarana sun tankaɗe Istanbul sun rairaye, babu shi. Amma mun ji an kama wasu baƙaƙen fata an kai su Kustantiniyya. Tafiyar kwana biyu ce daga can. Kuma masu tsaron wurin ba sa buɗe baki sai an buɗe hannu."

Na cire 'yan kunnen zinariyar da marigayi ya sayo mini, na ajiye kan tebur. Bai kalle su ba, sai ya tura su cikin aljihun tebur da gefen waya.

Mako ya zagayo. Ya ce, "Kash, Hajiya! Kwana ɗaya tak muka makara. An kwashe su zuwa Asitana." Yana magana idonsa na kan awarwarona.

Ban zarge shi ba a lokacin. So nake kawai in ga nisan Asitanar nan da idona. Na roƙi Lawali ya kai ni wurin mai taswira. Ya kai ni shagon wani tsohon Bamisire mai sayar da tsofaffin littattafai, Ammu Sa'id. Tsohon ya warware wata takarda mai faɗi ya danne gefenta da kofi. Na ce a nuna mini Istanbul. Ya ɗora yatsa a inda ruwa ya tsaga ƙasa biyu. Na ce Kustantiniyya fa? Yatsan bai motsa ba. Na ce Asitana? Sai ya fashe da dariya har da tari. Lawali ya yi masa magana ƙasa-ƙasa da Larabci, dariyar ta tsaya cak.

"Ma'alish, ya Hajja," in ji shi, wato in yi haƙuri. Ya tashi daga kujerarsa ya ba ni, ita kaɗai ce a shagon. Lawali yana mayar mini da Hausa, tsohon ya ce gari ɗaya ne. Girkawa suka kafa shi suka ce Bizantiya. Wani sarkin Rum ya zo ya liƙa masa sunan kansa, shi ne Larabawa suka lanƙwasa zuwa Kustantiniyya. Turkawa suka ci shi da yaƙi. A zamanin kakansa Asitana ake cewa a Masar, yanzu kuma Istanbul. Ya ce, "Duk wanda ya ci garin sai ya raɗa masa suna, wanda aka ƙwace wa kuma ya ƙi mantawa da nasa."

Bai bar ni na tafi ba sai da na shanye shayin da ya aika aka kawo. Ina sha ina jin iska a kunnuwana, inda 'yan kunnen suke a da.

Lawali ya ce sai ya je ya shaƙe Alhaji Tanko. Na ce ya bar shi da Allah. Muna tafe, da muka kai jikin katangar babban masallaci sai ya tsaya, ya durƙusa a gabana a bainar jama'a.

"Inna, ki yafe mini. Da na faɗa miki gaskiya tun farko, da mutumin nan bai cuce ki ba."

Ya ce ba ɗinki ya kai Dattijo ba. Turai ya nufa, kuma ya rantsar da shi Lawalin kada ya gaya mini sai ya isa. Daga Istanbul dillalai kan kwashi mutane zuwa wani kogi da ya raba Turkiyya da Girka, su sa su a kwalekwalen roba. A tsakiyar sanyi suka shiga. Wani da suka tafi tare ya aiko saƙo daga baya cewa kwalekwalen ya kife, da suka ƙirga kansu a gaɓa babu mutum uku.

Ban yi kuka ba. Na ce, "Mene ne sunan kogin?"

"Shi ma biyu gare shi, Inna. Kowace gaɓa da nata."

Washegari na ƙona shinkafa, abin da ban taɓa yi a gidan mutane ba. Madam ta shigo kicin tana fifita hayaƙi da hannu.

"Mama Asabe, kashe wutar nan ki zauna. Yau sai kin gaya mini."

Na gaya mata. Ta goge ido da bayan hannu, ta ce in ɗauko mayafina. A hawa na biyar na benen da muke zaune akwai wata tsohuwa 'yar Girka, Madam Katina, haifaffiyar Masar, tana zaune ita kaɗai da kyanwoyi biyu. Madam ta fara yi mata bayani da Turanci. Tana kaiwa kan kalmar Istanbul tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa, har kyanwa ɗaya ta zabura.

"Me ta ce?"

"Wai a ɗakinta babu gari mai wannan suna. Konstantinupoli ne. Wai su Birni kawai suke cewa, in ka ce Birni an gama magana." Madam ta rage murya. "Mama, ko Funtuwa ta ce sunansa, mu ce to. Wayarta muke so, ita ke jin yaren mutanen can."

Tsohuwar tana da faɗa, amma ba ta da ƙiwa. Kwana uku tana buga waya, daga wannan ofis a tura ta wancan, har ta samu likitan wani asibiti a garin kan iyaka ta gefen Girka, wanda ke ajiye waɗanda kogi ya mayar. Ta aiko muka hau. Ta riƙe waya a kunne, ta tambayi suna.

Madam ta juyo ta ce, "Dattijo Haruna, ko?"

Na gyaɗa kai.

Muka ji ana buɗe takardu a can. Aka daɗe. Likitan ya ce babu mai wannan suna. Ya ƙara da cewa yawancinsu ma ba su da suna ko kaɗan, kuma ɗakin sanyi ya cika. In wata ya ƙare, duk wanda ba a zo nema ba za a miƙa shi a binne a wani ƙauye, a kafa masa katako da lamba. Saura kwana goma sha bakwai.

A kan matakala Madam ta rungume ni. "Kin ji ko? Ba ya ciki! Allah ya ji addu'armu. Ƙila yana wani sansani ne an karɓe masa waya."

Na ce Alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Amma daga ranar na kama ƙirga kwanaki. Kowace safiya in na zo fere dankali sai in ji bakina ya ce saura goma sha biyar, saura goma sha huɗu. Ina tambayar kaina me ya haɗa ni da kwanakin mutanen da ba nawa ba. Abinci ya daina wucewa. In wayar Madam ta yi ƙara a falo sai wuƙa ta tsaya a hannuna.

Ana saura kwana shida na dama kunun gyaɗa, muka hau da shi don godiya. Madam Katina ta kurɓa ta ce na san abincin marasa haƙori. Daɗin kunun ya sa ta hira. Ta jawo wani gwangwanin biskit ta fito da ambulan da ya yi ja don tsufa, da hatimi a fuskarsa.

Ta ce mahaifiyarta a Birni aka haife ta. Aure ya kawo ta Masar, ta baro ƙanwarta a can. Ana nan sai hukumar Turkawa ta ce duk wasiƙar da ba a rubuta sabon suna a bayanta ba, ba za a kai ta ba. Mahaifiyar ta ce hannunta ba zai rubuta shi ba. Ta aika da tsohon suna, wasiƙa ta dawo. Ta sake, ta dawo. Sau uku. Sai da shekara ta juya ta bar mijinta ya rubuta mata bayan ambulan, ita ta kau da kai. Wannan ta isa. Maƙwabciya ce ta ba da amsa, cewa an binne ƙanwar tun kafin bazara.

"Wai uwarta taurin kai gare ta, ita ma ta gada," in ji Madam tana murmushi. "Mama? Lafiya? Kunu na zuba a zaninki."

Ni ma na aika neman ɗana da sunan da ba zai isa ba. Dattijo sunan gida ne, ba ya jikin kowace takarda tasa. Shekara ashirin da shida sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina. Ko makaranta baffansa ne ya kai shi ya rubuta. Madam kuwa ba ta san wani suna ba sai wanda take ji a bakina.

Ba zan ɗora wa kunya laifin duka ba. Lokacin da Madam ta tambaye ni na gyaɗa kai, wani gefe na zuciyata ya san ba shi ne sunan da za a duba ba. So nake a ce mini babu, aka kuwa ce babu, na ɗauka na sauko da ita.

A nan ɗakin na kira Lawali. Na ce, "Ya tafi da wata takarda a jikinsa?"

"Fasfo dai dillalai kan sa a jefar. Amma katin makaranta, a gabana ya naɗe shi a leda ya ɗinke a ƙugun wando. Ya ce ko ina ya je shi ɗalibi ne." Sai ya gane. "Inna, ba wa Madam wayar in faɗa mata sunan. Ba sai ke kin faɗa ba."

Na ce, "A'a, ɗana. Na gode."

Madam Katina ta buga nan take. Aka ce likita ya tashi, kuma gobe da jibi hutu ne a can. Ban san yadda na yi kwana biyun nan ba. Na wanke labulayen gidan duka, ba wanda ya sa ni. Ina ta tunanin ko ɗakin ya ƙara cika, ko mai motar da zai kai su ƙauyen ya ga dama ya zo da wuri ya kwashe su. Wa zai hana shi? Mutanen da ba su da suna, wa zai ce an yi musu gaggawa?

Ran Litinin da hantsi muka same shi. Tsohuwar ta toshe bakin waya da tafin hannu ta dube ni. Madam ma ta dube ni.

Na ce, "Usman."

Madam Katina ta maimaita cikin waya da irin bakinta. Muka sake jin takardu, amma wannan karon ba a daɗe ba. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce akwai wani saurayi da aka samu kati a ƙugunsa. Ruwa ya cinye hoton da sauran rubutun, sunan farko kaɗai ya rage, sun ɗauka mutumin Sudan ne. Likita yana tambaya ko akwai wata alama a jikinsa.

Na ce da cindo aka haife shi a hannun hagu. Wanzami ya cire ran suna, ya bar ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero a gefen ƙaramin yatsa.

Ta faɗa. Ta saurara. Sai ta kai yatsu goshi da ƙirji da kafaɗu, irin na addininsu. Ba ta fassara ba, Madam ma ba ta tambaya ba.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Madam ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta riƙe ƙafata. Tsohuwar kuwa ba ta ajiye waya ba. Na ji muryarta ta hau, tana buga sanda. Daga baya na ji ashe ce wa likitan ta yi, in ya bari aka sa yaron nan a motar marasa suna, za ta hau jirgi da sandarta ta zo ta same shi.

Likitan ya ware shi gefe. Mijin Madam ya tsaya kan takardu. Aka shafi yawuna a auduga aka aika, bayan makonni aka ce gwaji ya nuna ɗana ne. An tambaye ni ko ina so a nemi hanyar kai shi gida. Na ce ya daɗe a cikin sanyi, a rufa masa asiri a inda yake. Ashe a gefen Girka akwai ƙauyukan Musulmi masu jin Turkanci, limaminsu ne ke sallatar waɗanda kogi ya kawo.

Ranar jana'iza muka taru a ɗakin Madam Katina da safe. Lawali ya zo cikin farar riga. Takardar asibiti tana kan tebur, ya ɗauka yana dubawa, tsohuwar ta nuna masa inda aka rubuta garin da mamaci ya fito.

"Konstantinupoli," in ji ta.

"Istanbul," in ji Lawali a hankali, yana kallon silin.

Ta ɗaga sanda. Ta dube ni, sai ta mayar da ita ƙasa, ta tura masa farantin biskit.

Waya ta yi ƙara. Ɗan limamin ne ya riƙe ta a can don mu gani. Tudu ne mai ciyawa, iska na kaɗawa, maza biyar a sahu da manyan riguna na sanyi. Ban san ko ɗaya ba. Suka yi masa salla, suka sa shi, suka mayar da ƙasa. Lawali yana ta karatu a gefena.

Sai liman ya matso ya yi tambaya da Girkanci. Madam Katina ta mayar wa Madam, Madam ta mayar mini. Wai a al'adarsu, in an gama rufe mutum, liman kan tsaya a kansa ya kira shi da sunan uwarsa, ya tuna masa kalmar shahada. Yana son sunana.

Madam ta ce, "Asabe."

Na ce, "A'a, wannan na rana ne. Hajara."

Ta dube ni. Shekara goma sha biyu muna tare ba ta sani ba.

Liman ya koma kan kabarin ya tsaya. Ya ɗaga murya cikin iskar nan ya ce, "Ya Osman ibni Hajar!" Sau uku ya kira. Tunda na haife shi ban taɓa jin an jera sunana da nasa a fili ba. A nan kukan ya zo, ban kuwa hana shi ba.

Da suka watse, ɗan limamin ya kai wayar kusa da katakon da aka kafa. Lawali ya karanta, ya ɓata fuska.

"Inna, da bakinsu suka rubuta. Osman suka sa. In ce su gyara?"

Na kawo wayar kusa da idona na daɗe ina kallo.

Na ce, "Bar shi haka. Ya san da shi ake."